Kalmar sirri: gajera mai alamomi ko doguwa ta kalmomi zalla?

Wani ɗan'uwa ya tambaya wace ta fi tsaro kuma ta fi zama a kai: irin su Z@ki1990! ko kuwa jerin kalmomi kamar tsani-gajimare-kwaɗo-madubi-igiya. Malam, ta biyun ce, amma da sharaɗi.

Ta farkon a ido kamar tana da wuya, ga babban harafi, ga lamba, ga alama. Sai dai ɓarawon intanet ba zama yake yana buga haruffa da hannu ba. Idan aka sace rumbun bayanan wani shafi, manhaja ce ke ta gwaji, kuma da jerin kalmomin sirri da suka taɓa fallasa take farawa. A 2009 kaɗai, kutsen da aka yi wa kamfanin intanet na RockYou ya fitar da kalmomin sirri kusan miliyan 32, har yau da su ake aiki. Manhajar ta san mutane na mayar da a zuwa @, o zuwa 0, suna sa babban harafi a farko, shekarar haihuwa da alamar motsin rai a ƙarshe. Kalma ɗaya da aka yi wa wannan kwalliya ba ta daɗewa a gabanta. Ga kuma wahalar tunawa: bayan wata guda sai ka rasa ko i ka bari ko 1 ka sa.

Gajera tana ƙarfi ne kawai idan kwamfuta ce ta zaɓo haruffan ba tsari, kamar q7#Lw2%f. Haruffa 8 daga cikin 95 da ake iya bugawa suna ba da haɗi kusan tiriliyan 6,600. To, wa zai haddace irin wannan guda goma?

Jerin kalmomi kuwa ƙarfinsa daga tsawo yake. Tsarin Diceware, wanda Arnold Reinhold ya fito da shi a 1995, yana da kalmomi 7,776, kowace da lambarta. Za ka jefa ɗan ludo sau 5, ka rubuta lambobin, ka duba kalmar da ta zo daidai da su, sannan ka maimaita. Kalmomi 4 suna ba da haɗi kusan tiriliyan 3,600, wato sama da rabin na waccan mai haruffa 8. A ce ɓarawo na gwada biliyan 10 a daƙiƙa: zai gama da kalmomi 4 cikin kwana huɗu da 'yan sa'o'i, kalmomi 5 sai ya kwashe shekara 90, kalmomi 6 kuma shekara dubu 700. Shi ya sa muke cewa kada ka yi ƙasa da 5, na imel kuwa ka sa 6.

Sharaɗin shi ne kada kai ka zaɓi kalmomin da kanka. Zuciyar mutum tana karkata ga abin da ya saba, sunan ɗansa, ƙungiyar ƙwallonsa, karin magana ko baitin waƙa, kuma duk jimlar da aka taɓa rubutawa tana iya kasancewa cikin jerin ɓarayi. Abin da ɗan ludo ya ba ka, karɓe shi haka. Wajen haddacewa, haɗa su a hoto ɗaya a ranka: tsani ya jingina da gajimare, kwaɗo a samansa riƙe da madubi, an ɗaure shi da igiya. Ka buga ta safe da yamma na mako guda, za ta zauna. Wannan misalin dai ya riga ya fito fili, kada kowa ya ɗauka.

Doguwar tana da nata cikas. Bugawa a waya na ɗaukar lokaci, wasu shafukan kuma sun taƙaita tsawo ko sun nace sai da lamba. Nan sai ka saka lamba ɗaya tsakanin kalmomi biyu. Hukumar NIST mai tsara ƙa'idojin fasaha a Amurka ma tun 2017 ta ba da shawarar a daina tilasta cakuɗa alamomi da canjin kalmar sirri a kai a kai, sai in akwai alamar ta fallasa.

Ko wacce ka ɗauka, kada ka yi amfani da ita a wuri biyu, domin in ta fita daga shafi ɗaya za a gwada ta a imel da bankinka. Haddace biyu: ta imel da ta manhajar adana kalmomin sirri irin su Bitwarden ko KeePass. Sauran, bar manhajar ta ƙirƙira maka masu haruffa 16 ko fiye, sannan ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu (wato a nemi wata shaida, kamar lambar da ke zuwa wayarka, bayan kalmar sirri) a imel ɗin tun yau.