Ranar da wata tsohuwa ta sace mini iskar taya huɗu

'Yan uwa, tun da na zo Ostiraliya babu tambayar da nake sha a waya kamar wannan: a-kori-kura mai taimako wacce ta fi, Hilux ko Ranger? Zan amsa, amma sai kun fara jin kunyar da na kwasa a jihar Queensland.

Akwai wani wuri da ake kira Inskip Point, inda ake shiga jirgin fito da mota a tsallaka zuwa K'gari, tsibirin rairayi mafi girma a duniya, wanda a da ake ce wa Fraser. Tsakanin ƙarshen hanya da bakin ruwa akwai rairayi mai laushi kamar gari. Na iso da Hilux ɗina ta hannu, mai injin dizal 2.8, ina ji da kaina. A zuciyata ina cewa, motar da sojojin Chadi suka kori tankokin Libiya da irinta a 1987 ita ce wannan ɗan yashin zai tsayar? Na ga mutane sun faka a gefe sun durƙusa gindin tayoyinsu, na wuce su ina musu kallon matsorata.

Ban yi nisa ba ta fara nishi. Na taka totur, ta tona. Na ƙara takawa, ta ƙara tonawa, har cikinta ya kwanta a ƙasa, tayoyin na ta watsa yashi sama a banza. Kuma ashe wurin ya yi suna, akwai masu zuwa da kujera musamman don su zauna su ɗauki bidiyon masu kafewa. Ni kaɗai baƙin mutum a fili, gumi har cikin takalmi, jirgi ya tashi ya bar ni.

Sai ga wata tsohuwa ta sauko daga wata Land Cruiser da fentinta ya ƙoƙe. Ta kai sa'ar kakata. Ba ta kalli injin ba, ba ta tambayi sunan mota ba.

"Yaro, iska nawa ce a tayarka?"

Na ce, "Arba'in, Mama," har da ɗan alfahari.

Ta yi dariyar da har yau nake ji a kunnena. Ta ciro geji daga aljihu, ta durƙusa, ta bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya tana sace iskar, sai da kowace ta dawo 18. Ina tsaye zuciyata na cewa wannan baiwar Allah za ta kashe mini taya. Ta miƙo mini shebur na kwashe yashin da ke gaban tayoyi da ƙarƙashin aksul, ta cusa wasu allunan roba masu ƙuraje, ta ce in sa ƙaramar giyar taimako, in ɗaga ƙafa a hankali kamar mai taka ƙwai. Wallahi motar ta fito kamar ba ita ba. Ko igiya ba a ɗaura ba.

Daga baya ta yi mini bayani. Idan iska ta ragu, tafin tayar da ke taɓa ƙasa yana ƙara tsawo, nauyin mota ya bazu, sai ta hau kan yashi maimakon ta huda shi. Ta ce kuma kada in sha kwana da ƙarfi ko in yi gudu a haka, don taya na iya zamewa daga kan wili, kuma da na koma kwalta in mayar da iska. Shi ya sa kusan duk wanda ke shiga daji a nan yana da ƙaramin injin busa taya a mota. Na tuna yadda muke yi a gida, a cika taya ta yi tauri kamar dutse, a buga mata ƙarfe a saurari ƙara a ce ta yi. Shekara nawa muna tura mota a yashin rafi muna zagin injin?

To, ga amsar tambayarku.

A nan Hilux ta yi shekara bakwai a jere, daga 2016 zuwa 2022, tana gaban kowace mota a ciniki, sai a 2023 Ford Ranger ta ƙwace. Kuma ba a banza ba. Injiniyoyin ƙasar nan ne suka tsara ta, ta fi daɗin zama, ta fi lafawa a hanya mai gargada, samfurin da ya fito a 2022 yana da injin V6 mai lita 3.0 da ke jan tirela ba tare da numfashi sama-sama ba. A takarda tana ratsa ruwa mai zurfin milimita 800, Hilux kuma 700. Sai dai duk wannan jin daɗin kwamfuta ce ke riƙe da shi, kuma tsofaffin 'yan daji ba su cika sakin jiki da abin da ba za su iya kwancewa da sifana ba.

Su mutanen ma'adinai da masu garken shanu a can ciki, inda za ka yi tafiyar yini ba ka ga gida ba, Land Cruiser 79 suke hawa. Jerin 70 ɗin da ta fito daga cikinsa tun 1984 ake ƙera shi, kuma siffarsa ba ta canja sosai ba. Aksul ɗinta sanda ɗaya ce gaba da baya, don haka idan taya ɗaya ta hau dutse ɗayar na manne da ƙasa, saɓanin Hilux da Ranger da kowace tayar gaba ke da nata hannun. Na tuƙa ta wani abokin aiki sau ɗaya. Kwana kamar ta tirela, ƙugi kamar injin niƙa, na sauka ƙuguna yana ciwo. Amma da za a ce in ratsa hamadar Simpson, mai tudun rairayi sama da 1,100, ita zan roƙa.

Wadda ba ku cika tambaya a kai ba ita ce Isuzu D-Max. Injinta na lita 3.0 daga zuriyar injinan ƙananan motocin dakon kaya yake, ba shi da zafin nama amma ba ya gajiya, kuma Mazda BT-50 tun 2020 ita ce dai aka sake wa riga. Mitsubishi Triton kuma tana da wata dabara a manyan samfuranta: za ka iya barin ta a taya huɗu ko a kan busasshiyar kwalta. A Hilux in ka yi haka, kayan cikin za su ɗaure su yi ta murɗa juna. Wannan ma ban sani ba sai da na zo.

Ita Hilux fa? Har yanzu ina tare da tawa. Kayan gyaranta na samuwa a kowane ƙauye, kuma in za ka sayar ba ta faɗuwa. Amma a daina cewa ba ta da aibi. A 2022 Kotun Tarayya ta ƙasar nan ta yanke cewa matatar hayaƙin da ake kira DPF a Hilux da Prado da Fortuner da aka sayar tsakanin Oktoban 2015 da Afrilun 2020 tana da lahani. Kuma injinan dizal na zamani, ko na wane kamfani, ba irin tsohon injin Land Cruiser 1HZ ba ne da ke haɗiye duk abin da aka zuba masa. Ruwa kaɗan ko datti a mai ya isa ya kashe nozul gaba ɗaya, shi ya sa a nan mutane ke ƙara filta ta biyu. Duk mai shirin yin odar sabuwa ya fara tambayar kansa wane mai zai riƙa sha mata.

Abin da ya fi ba ni haushi da kanmu shi ne lodi. Waɗannan motoci kusan tan ɗaya aka yi su su ɗauka, kuma a lissafin har da direba da fasinja. A nan ɗan sanda na iya tsayar da kai ya ɗora ka a sikeli. Na ga hotunan masu ƙofa huɗu da shasinsu ya lanƙwashe a tsakiya saboda an jibge nauyi bayan aksul na baya, an shiga gargada da gudu. Mu kuwa sai a ƙara ganyen sifirin biyu a ce an gama magana. A cire abin daidaita zafin injin a jefar. Fitila ta kama a gaban direba, a ce ai haka take yi. A nan kowace mota da littafin sabis, kowane juyen baƙin mai da hatimi, kuma mai saye littafin yake fara buɗewa kafin bonet.

Duk da haka ina kewar bakanikenmu. A nan sai ka yi waya an ba ka rana, ka jira mako biyu, a jona kwamfuta, a cire abu sukutum a sa sabo, ba mai buɗe cikinsa ya ga me ya ci. Ina tuna mutumin da zai kara kunne a jikin injin ya ce maka ga inda take ciwo, ya kwanta a ƙasa ya tashe ta kafin rana ta faɗi. Da za a ba shi littafin sabis da geji, babu mai kama ƙafarsa a ƙasar nan.

Na kira kawuna, wanda ya yi shekara talatin yana tuƙa a-kori-kura, na ba shi labarin tsohuwar nan tiryan-tiryan. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, taya babu iska ai faci ce." Na aika masa da geji ta hannun wani mai dawowa. Ƙanena ya ce yana nan cikin aljihun mota, ko ledarsa ba a ɓare ba.