Kaburburan Altai: a tone ko a bar su?

Ƙanƙara ce ta adana kaburburan Pazyryk, na wasu makiyayan zamanin da, a tsaunukan Altai da ke kudancin Siberiya sama da shekara 2,000. Masu son a tone suna da hujja: a 1949 masanin kayan tarihi Sergei Rudenko ya fito daga wani kabarin da dardumar ulu da launinta bai dushe ba, tana gidan tarihi na Hermitage a Rasha. Kuma ƙanƙarar na narkewa; in ta narke, fata da katakon da ke cikin kaburburan za su ruɓe.

Barin su kuwa mutunta mamata ne. Da aka tono gawar wata mace mai zane a jiki a tudun Ukok da ke Altai a 1993, mutanen Altai sun ji zafi, don a wurinsu kakarsu ce. Sai 2012 aka mayar musu da ita.

Ni dai na fi son a tone waɗanda ke narkewa kawai, da yardar mutanen wurin.