Gargaɗi ga masu Hilux da a-kori-kura: kwalta yake sayarwa da sunan maganin ƙarar mota

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi da masu a-kori-kura. Don Allah ku daure ku karanta wannan har ƙarshe kuma ku tura wa duk wanda kuka san yana da mota, saboda mutumin da zan ba ku labarinsa har yanzu yana nan yana talla, sunan shafi kawai ya canza.

Ina da tsohuwar Hilux mai shan gas, da ita nake ɗauko riɗi da zoɓo daga Maigatari da Gumel in kawo Dawanau. Duk wanda ya taɓa tuƙa irinta ya san halin da ake ciki a gaban motar, ga rugugin inji ga ƙarar taya ga ƙofofi suna ta karkarwa kamar an ɗaura garwa, in waya ta shigo sai na gangara gefen titi kafin in ji abin da ake faɗa, in na dawo gida kuwa kunnena yana ta shuu har in kwanta. To a haka ne na ci karo da bidiyon wani a Facebook yana tallan wani abu mai ƙyalli da ake mannawa a cikin ƙofa da ƙasan kafet, wai da kanka za ka saka ba sai ka biya kowa ba, wai yana kashe ƙara kashi 90 cikin 100. Ya ƙwanƙwasa ƙofa ta yi kwangaram, ya manna abin ya sake ƙwanƙwasawa ta yi dum. Ga hoton kwalin Dynamat, wani samfurin irin wannan abin na ƙasar waje, ya saka a gefe.

Na yi masa magana ta WhatsApp, mutum mai daɗin baki wallahi, Alhaji kaza, ranka ya daɗe kaza. Ya ce saura kwali 3 kawai kuma wani daga Zariya yana jira. Muka daidaita a dubu 85 har da soson da ake ɗorawa a kai. Da ya turo akawun sai na ga sunan daban da na shafin, na tambaye shi ya ce na ƙaninsa ne nasa yana da matsala. Na tura. Washegari ya ce sai na ƙara dubu 7 na direban da zai kawo kaya tasha, alhali tun farko cewa ya yi har da kuɗin kawowa. Na sake turawa.

Kaya suka zo babu kwali babu takarda babu suna, naɗi biyu ne a cikin baƙar leda an zagaye da salatif. Na kira shi ya ce ai an cire kwalin ne don kada kuɗin mota ya yi yawa. Ranar Juma'a da yamma ni da yarona muka kwance fanel ɗin ƙofofi, muka ɗage kujeru da kafet, muka sauke silin, muka goge ƙarfen tas muka manna. Kuma gaskiya zan faɗa, kwanakin farko ƙofar ta rage karkarwa, domin duk abu mai ɗan nauyi da ka manna a jikin ƙarfe zai rage masa amo, wannan shi ne tarkon, shi ya sa bidiyon nasa yake kama mutane.

Sai zafin Afrilu ya shigo. Kun san Kano a wannan lokacin ana haura digiri 40, mota kuwa in ta wuni a rana gilas a rufe cikinta ya kan wuce 60. Ranar da na fara lura na ajiye ta a Dawanau ana sauke kaya, da na buɗe ƙofa sai wani wari ya buge ni, irin warin nan na wurin da ake zuba sabuwar kwalta a titi. Na tuƙa zuwa gida kaina kamar zai tsage. Bayan kwana biyu gilas ɗin gefen direba ya fara sauka da ƙyar, in ya hau sai ka ga baƙin layi a jikinsa. Silin kuma ya sako ciki ta tsakiya.

Na kai wa wani dattijo mai aikin kushin da muka daɗe tare. Yana cire fanel ɗin ya sa yatsa ya dangwalo ya shinshina, ya ce min "ɗan nan, wa ya ce ka sa filashban a mota?" Na ce Baba ba filashban ba ne, na waje ne. Bai ce komai ba ya aiki yaro shagon kayan gini ya karɓo guntun wanda ake liƙe kwanon rufi da shi in yana yoyo, ya ajiye su kusa da juna a kan benci. Abu ɗaya ne. Faɗin ɗaya, ƙyallin ɗaya, har ledar bayan iri ɗaya ce. Abin ya narke ya zurara ƙasan ƙofa ya taru kamar baƙin kunu, ya shafe hanyar gilas, ya toshe 'yan ramukan nan na ƙasan ƙofa da ruwan sama yake fita ta nan. Baba ya ce da damina ta same ni a haka da ruwa ya kwanta a ciki tsatsa ta cinye ƙofar. Soson ma ashe na katifa ne aka yanka, mai shan ruwa ya riƙe.

Bayan nan na zauna na bi diddigin abin sosai, ga abin da nake so ku riƙe. Na gaskiyar, irin su Dynamat da Noico da Kilmat, da wata roba ake yinsa da ake kira butil, an rufe ta da alminiyam mai ɗan kauri. Butil ba ta warin kwalta kuma an yi ta don ta jure zafin jikin mota, in ka ja ta miƙewa take kamar cingam. Wanda suke rubuta wa 80 mil kaurinsa kusan milimita 2 ne, kuma yana da nauyi, kwali mai murabba'in ƙafa 36 ya kan kai kilo 8 ko fiye. Nawa naɗi biyun da hannu ɗaya na ɗauke su daga tasha. Kafin ka biya ka sa a yanko maka ɗan guntu, ka ɗora a kan bonet da azahar ka bar shi awa ɗaya, ka dawo ka shinshina ka taɓa. In ya yi laushi yana ɓata yatsa da baƙi yana warin titi, ka mayar masa da abinsa.

Zancen kashi 90 ɗin nan ma ƙarya ce ko da na gaske ka saya. Aikin butil shi ne hana ƙarfe karkarwa, shi ke nan, kuma ba sai ka rufe ko'ina ba, in ka manna a tsakiyar faffaɗan wuraren ƙarfen kamar kwata zuwa rabinsa ya isa, ka danne da kyau kada iska ta rage a ƙasa. Ƙarar inji da ta taya sai an ƙara soso mai rufaffen ido wanda ba ya shan ruwa, da shimfiɗa mai nauyi a ƙasan kafet. Kuma da yawa ƙarar ba daga nan take ba ma. A tawa motar Baba ya nuna min robar ƙofa ta mutu iska na shiga, robar gindin giya ta yage, bakanike kuma ya ga maunt ɗin inji ɗaya ya fashe ga salansa tana huci. Waɗannan da na gyara su ne suka kawo min sauƙin da nake nema tun farko, kuma duka kuɗinsu bai kai abin da mutumin nan ya karɓe min ba.

Da na tura masa hotuna cewa ya yi ni ne ban iya sakawa ba, na ce to ya turo min sunan kamfanin da ya yi kayan, sai ya yi bulokin ɗina. Na rubuta a ƙarƙashin tallansa aka goge cikin minti kaɗan. Na kai ƙorafi bankina da rasit ɗin tiransfa biyun, na kuma adana duk hirarmu da muryoyinsa. Tun daga nan mutum biyu sun same ni da irin wannan labarin, ɗaya mai Hijet ne, shi har sau biyu ya saya saboda na farkon da sanyi ya saka bai gane komai ba sai da zafi ya zo.

Alamominsa: hoton kwalin waje amma kaya su zo a leda, sunan akawun daban, kullum saura kaɗan, ba shi da shago da zai ce ka zo ka gani, kuma bai yarda a biya bayan kaya sun iso ba. Duk wanda ya riga ya manna don Allah ya kwance fanel ɗin ya duba ramukan ƙasan ƙofa kafin ruwa ya sauka. Mu kwana biyu muka yi muna kankarewa da kananzir da tsumma, na silin har yau ba mu gama ba.