Wata takwas da sa wa Accord ɗina gajeren sifirin a Legas

Motata Honda Accord ce ta 2008, wadda ake kira Evil Spirit. A Agege nake zaune, shagona kuma yana cikin Eko, don haka kusan kullum sai na hau gadar Third Mainland. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne yadda motar ke kwantawa gefe idan na sha kwana da ɗan gudu, kuma in na taka birki da ƙarfi sai gabanta ya duƙa. Sifirin ɗinta na asali sun gaji, tun da ta shigo a tokumbo ba a taɓa canza su ba.

Makanikina, wani Bazazzagi da ya shekara da shekaru a Mushin, shi ya raka ni Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, don sayen gajeren sifirin mai sauke mota ƙasa. Kafin mu shiga ya ce: "Alhaji, duk wanda ya ce a yanke maka tsohon sifirin da garanda ko a gasa shi da wuta don ya sauka, kada ka yarda. Ƙarfen zai lalace, kuma yana iya fita daga mazauninsa kana cikin tafiya." Na riƙe wannan maganar, domin na ga samari da yawa suna yin hakan saboda araha.

Kamfanonin da aka fi sani a wannan harka su ne Eibach da H&R na Jamus, sai Tein na Japan. Akwai masu sauke mota da kamar milimita 30, akwai masu kaiwa 50. Zuciyata ta so na 50, don sun fi kyau a ido, taya na cika gurbinta tsaf. Na daure na ɗauki na 30, irin waɗanda naɗinsu ba daidai yake ba: suna da ɗan laushi a farko, sai nauyi ya danne su suke ƙara tauri. Yau ina godiya ga Allah da ban bi son raina ba.

A kan titi mai kyau, kamar wata sabuwar mota aka ba ni. Sitiyari yana amsawa nan take, kwanciyar nan ta kwana ta ragu sosai, kuma idan danfo ya faɗo gabana a Ikorodu Road na kauce, motar ba ta yin lilo kafin ta daidaita. Dalilin a fili yake: nauyinta ya matso kusa da ƙasa, ƙarfen kuma ya fi tauri. Wannan ɓangaren na gamsu da shi ƙwarai.

Sai dai Legas ba gada ce kaɗai ba. Unguwarmu cike take da tudun rage gudu, wasu ma mutanen layi ne suka zuba da kansu, dogo-dogo. Yanzu sai na karkata motar na hau su a gicciye, a hankali, in ba haka ba salansa ta karci siminti. Ramukan da da nake wucewa ban ji ba, yanzu ina jin su har a ƙuguna. Ran nan na ɗauko mahaifiyata daga asibiti, muna shiga layinmu ta ce: "Kai ɗan nan, me ka yi wa motar nan take dukan mutum haka?" Maganar ta zauna mini a rai, don tana fama da ciwon baya. A ruwan Yuli kuwa, sau biyu ina juyawa na canza hanya, saboda ruwan da Corolla ke ratsawa ni ban isa na gwada ba.

Kuskurena ɗaya, kuma ya ci mini kuɗi: na bar tsofaffin shokazoba. An yi su ne don tsayin motar na asali, to da ta sauka sai suka riƙa aiki a matse. Bayan wata uku, ɗaya na gaba ya fara yoyon mai, motar ta koma tsalle. Da na sa waɗanda suka dace da gajeren sifirin, dukan nan da Hajiya ta yi ƙorafi a kai ya ragu da yawa, ko da yake bai koma laushin da ba. Saitin ƙafa ma dole ne bayan an sauke mota, kuma a sake dubawa idan sifirin ya zauna, domin taya takan karkata ciki ta cinye ta gefe ɗaya.

Wanda ke tuƙi shi kaɗai ko da mutum ɗaya, hanyarsa Ikeja, Ikoyi, Victoria Island, zai ji daɗinsu, amma kada saukar ta wuce milimita 30. Mai iyali da ke cika but da buhun shinkafa, ko mai shiga lungunan Mile 12 da Alaba Rago, sabon sifirin irin na asali ya fi masa. Ni zan ci gaba da nawa a cikin gari. Tafiyar Kano ta Sallah kuwa, da yara huɗu da kaya ga hanyar Jebba zuwa Mokwa, na riga na roƙi ƙanena ya ba ni aron Sienna ɗinsa.