Kafin Ka Sayi Littafin Matan da Suka Rayu Ƙarƙashin Mamaya

Duk wanda ya shiga neman ƙagaggen labari na tarihi a kan matan da suka rayu ƙarƙashin mamayar sojojin waje zai tarar da littattafai masu kama da juna a bango: mace ta juya baya, jiragen yaƙi na shawagi a sama, ga kuma rubutu mai alkawarin jarumta. Abin da ke ciki kuwa ya sha bamban, kuma tun da littafi ya yi tsada a yanzu, ya kamata mai saye ya san irin wanda yake nema kafin ya zaro kuɗinsa.

Mafi yawan abin da ke kasuwa ya shafi Faransa ne daga watan Yunin 1940, lokacin da sojojin Jamus suka shiga Paris a Yaƙin Duniya na Biyu, zuwa 1944, kuma ya rabu gida biyu. Kashi na farko shi ne na 'yan leƙen asiri da masu tsallakar da mutane, kuma yana da tushe a tarihi. Andrée de Jongh, 'yar Beljiyam, tana da shekara 24 ta kafa hanyar da ake kira Comet, wadda ta fitar da ɗaruruwan matuƙa jiragen ƙasashen ƙawance masu yaƙi da Jamus ta tsaunukan Pyrenees zuwa Sifaniya. Hukumar asiri ta Birtaniya mai suna SOE ta tura mata 39 ta sashenta na Faransa, cikinsu har da Noor Inayat Khan, Musulma mai aika saƙo da na'urar rediyo, wadda aka kama a watan Oktoban 1943, aka kashe ta a sansanin fursunonin Jamus na Dachau a watan Satumban 1944. Littafin wannan kashi ba ya gundurar mai karatu, kuma ya dace da wanda bai saba da dogon labari ba. Rauninsa shi ne yakan sa mutum ya ɗauka cewa turjiya aikin wasu zaɓaɓɓu ne masu horo da bindiga.

Kashi na biyu shi ne na cikin gida, kuma a ganina shi ya fi cancantar kuɗin mai saye idan an rubuta shi da gaskiya. Sojojin Faransa fiye da miliyan ɗaya da rabi aka kwashe zuwa Jamus a matsayin fursunonin yaƙi, saboda haka gonaki da shaguna da tarbiyyar yara duk suka dawo wuyan mata. Daga watan Satumban 1940 abinci ya koma na kati, an kasa mutane aji-aji gwargwadon shekaru da nauyin aiki, kuma rabon burodin baligi ya sauko har zuwa giram 275 a rana. Marubucin da ya san aikinsa zai tsayar da kai a layin gidan burodi tun da asuba, ya nuna maka matar da ta sa almakashi ta yanki katinta domin ta ciyar da yaron Bayahude da ta ɓoye, wanda ba shi da kati nasa, alhali jami'in Jamus yana kwana a ɗakin sama na gidanta bisa umarnin hukuma. A irin wannan labari, yin shiru a gaban maƙwabciya mai tsegumi ma aiki ne mai iya jawo kisa. Abin lura ne cewa cikin mutum 1,038 da Janar de Gaulle, jagoran Faransawa masu turjiya, ya bai wa lambar girmamawa ta 'yantar da Faransa, shida ne kawai mata, don haka ƙagaggen labari yana cike gurbin da takardun hukuma suka bari.

A wannan kashi ne kuma ake yawan samun algus. Da dama daga cikin littattafan soyayya ce zalla tsakanin mace da jami'in abokan gaba, an yafa mata rigar yaƙi. Ba laifi ba ne labari ya taɓo wannan al'amari, domin ya faru, kuma bayan 'yantar da ƙasar an aske kan mata kimanin 20,000 a bainar jama'a bisa zargin hulɗa da Jamusawa. Abin dubawa shi ne ko marubucin ya nuna yunwa da tsoro da rashin zaɓin da ke bayan hulɗar. Wanda yake son ma'auni ya nemi Suite Française na Irène Némirovsky, wadda ta rubuta shi mamayar tana kan gudana, ta rasu a sansanin fursunonin Jamus na Auschwitz a 1942, rubutun ya zauna a akwati a hannun 'yarta har aka buga shi a 2004. Bai kammalu ba, kuma ba shi da jaruma mai burgewa, amma marubuciyar ba ta san yadda yaƙin zai ƙare ba, kuma wannan yana bayyana a kowane shafi.

Littattafan da suka shafi Polan da Koriya sun fi waɗannan nauyi a zuciya. Na Polan sukan taɓo aikin Irena Sendler, wadda ta fitar da yara daga unguwar da Jamusawa suka killace Yahudawa a Warsaw, ko boren da birnin ya yi wa Jamusawa a 1944, wanda ya ɗauki kwana 63. Na Koriya, wadda Japan ta mulka daga 1910 zuwa 1945, sukan bi rayuwar 'yan matan da aka tilasta wa bautar lalata a sansanonin soja, maganar da ta daɗe a rufe har Kim Hak-sun ta fito fili ta ba da shaida a 1991. Mai saya wa 'yarsa ko ɗalibai ya fara karantawa da kansa tukuna, domin akwai wuraren da ba su dace da ƙananan shekaru ba.

Kada kuma a manta da nahiyarmu. Italiya ta mamaye Habasha daga 1936 zuwa 1941, mata sun yi safarar makamai da labarai, wasu ma sun shiga daji tare da mayaƙa, kuma a kan haka Maaza Mengiste ta gina The Shadow King a 2019. A yaƙin 'yancin Aljeriya na 1954 zuwa 1962, mata irin su Djamila Bouhired da Hassiba Ben Bouali sun ratsa shingayen sojojin Faransa a birnin Aljiyas, wani lokaci cikin lulluɓi, wani lokaci cikin shigar Turawa. Mai karatu Bahaushe zai fi saurin gane gidajen da ke cikin waɗannan labarai, da matsayin uwa da suruka da mutuncin dangi, kuma 'yan'uwa na Nijar masu jin Faransanci suna iya karanta yawancin na Aljeriya ba tare da fassara ba.

Idan littafin ya zo hannu, a fara buɗe ƙarshensa a duba bayanin marubuci. Na kirki yakan faɗi abin da ya ɗauko daga tarihi da abin da ya ƙirƙira, har da ranakun da ya sauya. Sai a duba ko labarin yana kai da komo tsakanin zamanin yaƙi da wata jika ta yau da ta tsinci tsofaffin wasiƙu, domin a irin wannan tsari kusan rabin shafukan ba na mamayar ba ne. A tabbatar kuma ba taƙaitaccen bugu ba ne, kuma sunan mai fassara yana jiki. Na gwanjo mai tsabta ya fi sabon jabu, wanda ake ganewa da dusasshen rubutu da shafukan da suka maimaitu ko suka ɓace, shi ya sa yake da kyau a bi lambobin shafi tun ana tsaye a gaban mai sayarwa.