Gangar parai ta fata da ta roba: wacce ta fi ga kiɗan titi?

Na yi amfani da gangar parai iri biyu, ta fata da ta roba, a lokacin bikin Pongal da Tamilawa ke yi a tsakiyar Janairu a jihar Tamil Nadu ta kudancin Indiya. Ta fata ce zaɓina, amma tana da wahalar da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya biya kuɗi.

Parai, wadda wasu ke kira tappu, ganga ce mai fuska ɗaya, kusan siffar mandiri, faɗinta kamar santimita 35. Da itacen darbejiya ake yin da'irarta, yawanci gutsure uku masu lanƙwasa da aka haɗe da ƙarfe. A kai ake shimfiɗa fatar saniya, a manne ta da danƙon da aka dafa daga 'ya'yan tsamiya. Ana rataya ta a kafaɗar hagu, ta kwanta a jikin makaɗi a tsaye, shi ya sa yake iya kiɗa yana rawa. Sanduna biyu ne: adi kuchi, gajera mai kauri ta hannun dama, da sundu kuchi, doguwar tsagin gora mai laushi, wadda yatsun hagu ke riƙewa daga saman ganga.

Ta fata ba ta magana sai ta sha wuta. A sanyaye muryarta a toshe take, kamar ana dukan kwali. Sai a hura wuta da busasshiyar ciyawa ko tsohuwar jarida, a kanga fatar daga ɗan nesa, ana jujjuya gangar ana ƙwanƙwasawa da yatsa har amon ya tashi ya yi kaifi. A nan ake yawan ɓata ganga. In aka matsa kusa da harshen wuta, fatar ta ƙone ta tsage da bugun farko mai ƙarfi. In tsakiya kawai aka gasa, gefe ya zauna a sake, murya ta rabu biyu. Kuma zafin ba ya daɗewa: da daddare in raɓa ta sauka, ko a gari mai laima irin Chennai, dole ayari ya riƙa tsayawa ana sake gasawa. To amma in ta ɗauka, tsawar adi kuchi a tsakiyar fata da tas-tas ɗin gora a kanta, har a ƙirji ake jin su, kuma ƙafar mai rawa da kanta take bin bugun.

Ta roba kuwa da noti ake ɗaure ta, a matse da sifana, ruwan sama bai dame ta ba. Ga mai koyo a ɗaki ta wadatar. Ƙararta dai siririya ce, ba zurfi, in ganguna goma suka haɗu sai ta gaji kunne.

Kafin ka sayi ta fata, bi bakin da'irar da babban yatsa. Duk inda fata ta ɗago daga itace, danƙon bai kama ba, kuma zafi zai ƙara buɗe wurin. Ɗaga ta ga haske ka duba ko akwai inda wuƙar jima ta rage wa kauri. Maratayin da tawa ta zo da shi siriri ne, yana cin kafaɗa, gara a sauya da mai faɗi. Sundu kuchi kuma saurin tsagewa take, a sayi uku ko huɗu lokaci guda. Bayan kiɗa a rataye gangar a inuwa mai iska, kada a ajiye ta a ƙasan siminti ko cikin leda, don danshi yana sa fatar ta yi fumfuna.