Shagon kwamfutar da nake kai aikina a Kabuga

Akwai wani shagon kwamfuta a Kabuga cikin Kano, kusa da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, da ya cancanci a yi maganarsa. Ni ɗalibar digiri na biyu ce a fannin Hausa, kuma duk wanda ya taɓa kai rubutun Hausa a buga masa ya san takaicin da ake sha. Ka gama aikinka tsaf, a buɗe shi a wata kwamfutar, sai ka ga ƙ da ɗ da ɓ duk sun koma 'yan akwatuna, saboda na'urar ba ta da samfurin haruffan da ka yi amfani da shi. Mai shagon nan ya san wannan ciwon. Kafin ya buga ko shafi ɗaya sai ya juyo da allon ya ce, "Malama, duba da idonki tukuna." Shi ya koya min mayar da aiki PDF tun daga gida don kada komai ya motsa. Akwai kuma yaronsa mai buga Larabci har da wasali, shi ya sa 'yan sashen Larabci ba sa rabuwa da wurin.

Abin da ya fi ɗaure ni da shagon shi ne biyan kuɗin makaranta. Tun 2015 da aka tilasta wa hukumomin tarayya asusun bai-ɗaya, ta Remita, wato kafar biyan kuɗi ta intanet, ake biya, kuma sai an ciro lambar biyan kuɗi da ake kira RRR mai alƙaluma 12. Harafi ɗaya ya kuskure a sunanka, ka shiga zarya. Shi kuwa sai ya karanta maka suna da lambar rijista da ƙarfi, ka amsa, sannan ya tura. Haka ya zauna da ƙanena wajen neman rancen karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, wanda aka buɗe a 2024, ya sa shi ya koma gida ya haɗo lambar JAMB da NIN da BVN kafin a fara. Bai karɓi ko sisi ba sai da aikin ya shiga. Wallahi wannan kaɗai ya ishe ni shaida.

Malamai ma suna aiko da takardunsu, kuma a nan ƙorafina yake. Da zarar ɗan aiken wani Dakta ya shigo, sai a ajiye namu a kama nasa. Girmama malami wajibi ne, amma ɗalibar da ta hawo adaidaita sahu daga Rijiyar Zaki, ga la'asar ta kawo jiki, ita ma tana da haƙƙi. Ya kamata a ware wa malamai na'ura ɗaya. Benci ma ɗaya ne tal, lokacin kai kundin kammala karatu mata a tsaye muke wuni.

Wuta ba ta tsayar da su, suna da sola. Fotokwafinsu baƙi wuluk, ba mai dishi-dishi ba. Ɗaurin kundi mai bango mai tauri yana kwana, don haka kada ka kai ranar da mai duba aikinka ke jira. Farashinsu ya ɗan ɗara na maƙwabta, ni dai na yarda da shi. In za ka je, je da hantsi, kuma ka tura aikin ta WhatsApp maimakon filashi, don filashin mutane da yawa ke shiga kwamfutar nan a kullum.